Babana Ya Ji Muryata, Ya Saya Wa Gari Maganin Jabu

Salama a gare ku masu kula da wannan shafi, da dukan masu karatu, Kirista da Musulmi. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata, ko sunan ƙauyenmu ban yarda a nema ba. Sunayen da za ku gani a nan ma ba na gaskiya ba ne. Na san halin wasunku a wurin sharhi, kafin mutum ya rufe baki kun yanke masa hukunci har kun raka shi wuta. Ku daure ku karanta zuwa ƙarshe tukuna. Duk zagin da za ku yi mini na riga ku, na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni matar aure ce, 'ya'yana biyu, ƙaramin ko yaye shi ban yi ba. A Kafanchan muke zaune, ina da ɗan shago kusa da kasuwa inda nake aikin kwamfuta, ina buga katin biki, kalanda, takardun jana'iza, sitika, duk dai abin da ya samu. Asalina 'yar ƙasar Jaba ce, wani ƙauye can bayan Kwoi. Wanda ya san wajenmu ya san citta ce komai namu. Ita ce kuɗin makaranta, ita ce kwanon rufi, ita ce sadaki, ita ce asibiti. Ni kaina citta ce ta kai ni makaranta har na iya taɓa kwamfuta. Babana dattijo ne a ikilisiya, irin mutanen nan ne da ko kaza ce ta ɓata ta shigo gidansa sai ya sa an yi cigiyarta ranar Lahadi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ko a gaban mijina haka yake kirana.

Kun tuna shekarar da cuta ta faɗa wa citta. Mu da muka gani da idonmu ba za mu manta ba. Ganye ya yi rawaya, ka tona ƙasa ka tarar ta narke tana wari, gona bayan gona. Manyan maza sun zauna a kan kunya suna kuka kamar an yi musu mutuwa. Abin da ya fi ciwo ba amfanin shekarar ba ne, iri ne, don citta da citta ake shuka ta, in ta ruɓe a ƙasa ba ka da na baɗi. To Baba yana da wata 'yar gona can bayan dutse, nesa da ta kowa, wadda Mama ta sha yi masa faɗa a kanta wai wahalar banza ce. Ita kaɗai cutar ta tsallake. 'Yan kasuwa sun yi ta sintiri gidanmu suna taya irin nan da tsadar da ba a taɓa ji ba, Baba ya ce ba na sayarwa ba ne. Ya mayar da shi ƙasa, ya sake mayarwa, yana ba gida-gida aron kwano ɗaya ko biyu su ma su ninka, har gwauraye da matan da mazansu suka mutu bai tsallake kowa ba. Bana ne karon farko da irin ya isa gari duka ya shuka gona ta sosai. Yanzu haka yana tare a ƙarƙashin mangwaron majami'a, an lulluɓe shi da ciyawa, ana jiran ruwa ya zauna. Wannan irin shi ne maganar da nake kawo muku.

Mijina, Baban Godiya, ba yarenmu ɗaya ba, Hausa muke yi a gida. Ba mugu ba ne a da, ko kuwa ni ce ban sani ba, oho. Aiki ya ƙare masa, ya yi acaba aka sace mashin ɗin, ya zauna a gida yana jin haushin kowa har da kajin maƙwabta. Bara gab da damina ya shigo shagona da wani abokinsa da kowa ke ce wa Oga, suka ajiye mini kwalbar maganin da ake jiƙa irin citta a ciki kafin a shuka, na wani babban kamfani, mai tsadar gaske. Oga ya ce, "Madam, talaka ba ya iya sayen babbar kwalba. Mu za mu sayo ganga daga kamfani mu zuba a ƙanana, kowa ya samu daidai ƙarfinsa. Sitika kawai za ki yi mana irin wannan sak, sai shafi a intanet." Na ce to me ya sa ba za ku sa sunanku ba? Ya yi dariya ya ce, "Wa ya san mu? Magani ɗaya ne ai, riga ce kawai." Na san ba daidai ba ne. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban sani ba, duk wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma na dubi mijina na ga rabon da in ga idonsa da haske haka har na manta, sai na ja kujera na zauna. Na yi sitikar, ta fi ta kamfanin kyau ma. Na buɗe shafi da suna mai kama da nasu, wanda bai lura ba zai rantse su ne. Da aka zo wurin rajistar adireshin shafin, ana son suna da lambar waya da katin shaida. Mijina ya ce nasa katin ya ɓace tare da mashin, Oga ya ce sauri yake. Ni wawiya na zuba nawa, har ina jin daɗi wai zan nuna wa kwastomomi na iya buɗe shafi.

Sai maganar murya. Mijina ne ya kawo ta. Ya ce, "Maman Godiya, mutanenku ba sa yarda da takarda, kunne gare su. In baƙo ya yi musu talla da Hausa sai su ce ɗan kasuwa ne. Amma su ji da yarensu, daga bakin 'yarsu, an gama." Gaskiya ya faɗa, kuma ni na fi shi sani. A wajenmu in mutum ya gaishe ka da yare, ya tambayi gida da gona yadda ake tambaya, to ya zama naka, ba ka tambayarsa takarda. Na shiga bayan shago na rufe ƙofa, na ɗauki muryata a waya. Na fara da gaisuwar da muke yi wa manya in mun same su a gona, na yi musu jajen cutar da ta wuce, sannan na ce, "Ni 'yar manomin citta ce, citta ce ta kai ni makaranta, ba zan cuce ku ba." Ba wanda ya rubuta mini wannan. Daga cikina ta fito, don na san ita ce za ta kama su. Na yi wata da Hausa don mutanen wasu wurare. Ban faɗi sunana ba, sai na ɗauka na ɓuya. Wace irin ƙwaƙwalwa ce da ni, jama'a?

Bayan 'yan makonni aka ɗauke wuta da rana tsaka, na rufe shago na koma gida da wuri. Akwai wani ɗaki a bayan gidan da muke haya da ba a gama gininsa ba. Na ji motsi na leƙa. Mijina da Oga ne tsugune gaban ganga, hannuwansu shuɗi har gwiwar hannu. Ruwan rijiya ne, da bular wanki, da kananzir, da ragowar maganin kashe ciyawa da suke tsiyayawa a ciki. Babu wata gangar kamfani. Na ce, "Baban Godiya, mene ne wannan?" Ko kunya bai ji ba, ya ce, "Manomi in magani bai yi wari ya yi masa ƙaiƙayi a hannu ba, ba ya yarda mai ƙarfi ne." Na ce ai maganin ciyawa zai kashe idon cittar, ba za ta tsiro ba! Oga ya ce ɗan kaɗan ne, ba ya komai, in ma ta ƙi fita ai kowa ya san akwai cuta a ƙasa. Ranar na yi kuka, na yi masifa, na haɗa kayana a jaka na ce gida zan tafi. Mijina ya durƙusa ya ce wannan daminar kawai, ya samu na mashin ya daina. Ya rantse mini cewa can nesa suke kaiwa, wajen Kagarko da Kujama da gaba, ko kwalba ɗaya ba za ta je kusa da ƙauyenmu ba.

To ga inda nake so ku gane ko wace ce ni. Da ya ce ba za ta je ƙauyenmu ba, sai na ji zuciyata ta ɗan kwanta. Na kwance jakata. Kun ji? Muddin ba gonar Babana ba ce, na iya barci. Ban tsaya nan ba, na ci gaba da buga musu sitika, har ranar ƙarewar aikin magani ni nake ƙagawa in rubuta. Da mijina ya kawo mini ɗan janareto shago ban tambaye shi daga ina ba, na ce Allah ya ƙara buɗi. Ranar Lahadi in ɗaura zanen zumuntar matan ikilisiya in je gaba ina waƙa ina tafi. Kai, ni dai ban san da wane ido Ubangiji yake dubana ba.

Wata rana wani mutum ya kira ni, don lambata ce a shafin. Daga muryarsa dattijo ne, ya ce daga wajen Kagarko yake. Bai yi zagi ba, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "'Yata, ke ce mai maganar nan a waya ko? Na gane muryar. Na jiƙa irina yadda kika ce, na shuka, na rufe da ganye, maƙwabcina da bai sa komai ba tasa ta fito, tawa shiru. Na tona na ga idon ya ƙone. Ko akwai inda na kuskure? Ki koya mini, don akuyoyina na sayar na sayi irin." Kun san amsar da na ba wannan bawan Allah? Na ce, "Baba, wataƙila ka zuba ya yi yawa." Sai ya ce, "To, laifina ne ke nan. Na gode, 'yata." Har godiya ya yi mini. Na kashe wayar na shiga bayan shago na yi amai. Amma washegari na buɗe shago na ci gaba da aiki. Haka abin ya yi ta tafiya, duk wanda irinsa ya ƙi fita sai a ce cutar ce ta dawo, ba mai zargin kwalba mai sitika mai kyau. Damina ta wuce, mijina ya sayi mashin, bai daina ba.

Da Istar bana wata 'yar ƙauyenmu da ke aure a wani gari ta je gida. Bayan sujada mata suna zaune ana maganar shuka, sai ta ce akwai wani magani da ake talla da yarenmu, ta kunna musu. Mama tana wurin. Tun gaisuwar farko ta dafe ƙirji ta ce wannan ai 'yata ce. Aka ɗauki waya da gudu aka kai wa Baba. An ce sau uku ya sa aka maimaita masa, da aka zo wurin "citta ce ta kai ni makaranta" sai ya cire hularsa ya rufe fuska. Bai kira ni ba, wai yana so ya ba ni mamaki. Sai ya kira surukinsa, wato mijina, ya ce ashe kuna da irin wannan abin alheri kuka ɓoye mana? Ikilisiya ta yi baiko na musamman, wato tara kuɗin sayen maganin, kowane gida ya kawo abin da ya samu, mijina kuma ya ɗaura katan-katan a mashin ya kai musu da kansa, ya ci tuwon Mama, aka yi masa addu'a, ya dawo bai ce mini uffan ba. Sai da Baba ya kira yana dariya yana cewa, da yarenmu, "Uwata, ashe haka kika girma? Kin yi magana kamar kakarki." Ina tsaye a shago da takardar wani a hannuna, na ajiye ta na rufe shago na nufi gida.

Da na tare mijina ya ce, "To me kike so in ce masa? In ce Baba kada ka saya, jabu ne, 'yarka ce ta yi talla? Ke ki faɗa masa mana." Na ce ka rantse mini! Ya ce shi bai kai musu talla ba, su suka nema.

Ana cikin haka gwamnati ta taso. Kun dai ji a rediyo, kullum sai an yi sanarwa cewa hukuma ta fara rufe shafukan da ke sayar da kayan jabu da masu satar sunan kamfanoni a intanet, kuma za a bi sawun waɗanda suka yi rajistarsu, duk wanda aka cuta ya kai ƙara. A da in na ji irin wannan sai in ce surutun gwamnati ne. Wata safiya na buɗe shafinmu na tarar babu shi, sai wata sanarwa cewa an rufe shi ana bincike. Nan take na kira Oga. Lambar Oga tun ranar ba ta sake shiga ba, an ce ya bar gari. Mijina ya kwashe gangunan ya wanke ɗakin tas. Amma ku ji wani abu, a cikin tsoron nan har da ɗan farin ciki na ji, na ce Allah ya kawo mini mafita, yanzu zan hana Baba ba tare da na tona kaina ba.

Na kira shi na ce, "Baba, kada ku yi amfani da maganin nan tukuna. Gwamnati ta rufe shafin, ana cewa akwai matsala." Na ɗauka zai tsorata. Ina! Sai ya ɗaga murya, abin da ba halinsa ba. Ya ce, "Mun ji a rediyo. Wace gwamnati? Lokacin da cittarmu ta ruɓe muna kuka, wa ya zo? Sun zo sun ɗauki hoto sun rubuta sunayenmu sun tafi. Yanzu 'yata ta kawo mana magani da arha, shi ne suka tuna da mu? Manyan 'yan kasuwa ne suka kai ƙararku don kun karya musu farashi. Kada ki ji tsoro, Uwata. Na tsaya a gaban ikilisiya na faɗa musu, in duniya duka ta ce jabu ne, ni na san wadda na haifa." Na ce Baba wataƙila ya daɗe, ya lalace. Ya ce in dakata, na ji yana kiran Mama ta kawo masa tabarau da kwalba ɗaya da ya ajiye a ɗakinsa. Ya karanto mini ranar da ke jikin sitikar a hankali, lamba bayan lamba, ya ce, "Kin gani? Da sauran shekara biyu." Ranar da ni na zauna na ƙaga da hannuna. Na buɗe baki in faɗa masa gaskiya, Allah ya sani na buɗe, sai na ji kaina ina cewa, "To Baba, a gaida Mama."

Ashe rufe shafin ma ƙara musu ƙarfi ya yi. Yanzu a ƙauye ni ce yarinyar da manya suke tsananta wa saboda talakawa. An sa sunana cikin addu'ar safiya. Shafi dai an rufe, amma wa zai rufe muryar da ke yawo daga waya zuwa waya? Ko jiya a kasuwa na ji ta tana tashi daga wayar wani mai sayar da doya, na sunkuyar da kai na wuce.

Na koma wa mijina na ce zan je gida in faɗi komai. Yana cin abinci, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Je ki. Amma ki tsaya ki yi tunani. Sunan wa ke kan rajista? Lambar wa? Muryar wa? A kwamfutar wa aka yi sitika? Ni ko sa hannuna babu a ko'ina. Kuma kin san Babanki. Ba zai rufa miki asiri ba, da kansa zai riƙe hannunki ya kai ki wurin hukuma, ya ce gaskiya ta fi 'ya. In aka rufe ki, wa zai ba yaron nan nono?" Na ce to irin fa? Irin gari guda fa? Ya ce, "Za a ce cuta ce. Bara ma haka aka ce." Na dube shi, mutumin da na haifa wa 'ya'ya biyu, na rasa ko tsoronsa nake ji ko ƙyama. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai yi ƙarya ba game da Baba. Zai kai ni. Yana kuka zai kai ni, sannan ya dawo ya ajiye dattijancinsa, don ba zai iya sake tsayawa a gaban mutanen da ya ce wa ya san wadda ya haifa ba. Mutum ne mai hawan jini. Ban san ko zai tashi daga wannan ba.

Ba wai na zauna na naɗe hannu ba ne. Na je wurin wani Alhaji da ke sayar da maganin gona na gaske a kasuwa, tun kakansa suke wannan sana'a a garin nan, na tambayi abin da zai ishi irin gari guda, da niyyar in saya in je in musanya a ɓoye. Da ya faɗa mini, ko na sayar da kwamfuta da janareto da zannuwana ba zan kai rabi ba. In ma na samu, katan-katan ɗin suna kulle a ɗakin ajiyar majami'a, mabuɗin yana wuyan Baba. Na kira Mama, na ce mata ina da damuwa game da maganin, ko za ta lallashe shi a shuka haka nan ba a jiƙa ba. Ta ce, "Ke dai da tsoro tun kina yarinya. Rabon Babanki da ya ci abinci ya ƙoshi tun shekarar cuta, sai yanzu. Kada ki ɓata masa." Na tafi gidan Fastonmu na nan Kafanchan, na zauna a falo ina murza hannu, kafin in fara sai ya ce labari ya iso masa daga ƙauye, yana so in ba da shaida a gaban matasa yadda ake amfani da ilimi a taimaki gida. Na sha ruwan da matarsa ta kawo na tashi. Na yi tunanin in tura wa Baba saƙo da wata lamba a matsayin baƙo in ce maganin guba ne. Amma wanda bai saurari rediyon gwamnati ba, baƙo zai saurara?

Ba na barci, ba na iya cin abinci, nonon ma ya fara ɗaukewa. Duk motar da ta tsaya a ƙofar shago sai in ce jami'an hukuma ne. Wani lokaci har addu'a nake su zo ɗin, su kama ni kafin ranar jiƙa irin, a sa a rediyo da sunana, don a cire abin daga hannuna tunda ni na kasa. To amma bincike ba ya sauri, ruwan sama kuma ba ya jiran kowa. Idan na yi shiru, irin da tsohon nan ya hana kansa ya hana 'ya'yansa don gari ya tashi, zai ƙone a rana ɗaya, kuma babu wata gona a bayan dutse da ta rage, duka an kwaso an haɗa. Matan da ba su da maza, da me za su fara? Idan na yi magana, ga kurkuku, ga aurena, ga jaririna, ga Babana. Gaba kura, baya sayaki. Masu ilimin shari'a a cikinku, don Allah ku gaya mini, in mutum ya kai kansa da kansa ana yi masa sassauci? Ana barin mace ta shiga da jariri? Kuma in na je wurin hukuma yau, za su isa ƙauye su kwashe kwalaben kafin a buɗe su, ko sai sun gama rubuce-rubucensu?

Da safen nan Baba ya sake kira. An yi ruwa mai kyau, ƙasa ta jiƙu, dattawa sun tsayar da ranar Asabar mai zuwa. Za a yanka irin gunduwa-gunduwa, a jera ganguna a filin majami'a, a jiƙa na kowa gaba ɗaya, kashegarin sujada a fita gayya. Ya ce sun zauna sun yanke shawara, ba Fasto ne zai fara zubawa ba, ba shi ba ne kuma. Ya ce, "Uwata, ke za ki buɗe kwalbar farko ki zuba da hannunki, gari duka yana kallo. Ki taho da jikokina su gani. Kada ki makara."

Na ce masa to.

Ranar Asabar zan tsaya a gaban gangar nan, Babana a gefena, kwalba a hannuna. Ko dai in zuba, ko in juya in dubi fuskarsa in faɗa. Na yi ta neman hanya ta uku ban samu ba. Ku da kuke da iyaye, ku da kuka taɓa shuka abu kuka jira ya fito, ku taimake ni.

Me zan yi?